Baƙin Ƙullin Ƙofar Doña Frosi

A unguwarmu an hana shanya a gaban gida, an hana kiwon kaji, an hana sana'a a falo, an hana shafa wa bango kowane fenti in ba ruwan madara ba. Da 'yan kwamitin unguwa suna da iko da sun hana mutuwa ma, sai dai ita ba ta tsayawa wurin maigadi ta faɗi gidan da za ta. Villas del Sabino ake kiran wurin, can bayan garin Puebla. Gidaje ne layi-layi a cikin katanga, kowanne sak ɗan'uwansa, har mijina ya taɓa dawowa daga biki ya yi ta kokawa da ƙofar maƙwabta yana zagin makulli. Ni sunana Chayo, ina gyaran gashi a falona labule a sake, kuma matan 'yan kwamitin da suka hana sana'ar su ne manyan masu zuwa.

Doña Eufrosina Tepox, wadda kowa ke kira Doña Frosi, ita ce maƙwabciyata ta hannun dama. A wurinmu Doña da Don laƙabin girmama manya ne, na mace da na namiji. Gajeruwar tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, kitsonta biyu har gadon baya. 'Yar ƙauye ce daga gindin dutsen nan mai hayaƙi, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba, ko da kuwa a gaban masu motoci ne. Tun tana ƙarama take niƙan masara. Ta auri Don Nicanor magini, ta haifi bakwai, ta binne biyu, ta ƙare ƙuruciyarta tana sayar da tamal, wato alalen masara a ganye, a bakin tashar mota tun kafin rana ta fito. Autansu Fidencio ne ya tsallaka New York, ya yi ta wankin kwanuka a gidajen abinci har ya saya musu wannan gida, ya ce su huta. Gidan da sunansa yake.

Kada wani ya ce maka mai taurin kai ce tun asali. Ni shaida ce. Da ta zo da kajinta aka ce ba a kiwo, ta yanka ɗaya, ta kyautar da sauran. Da ta jera barkono da ganyen miya a gwangwanaye a bakin ƙofa aka ce suna ɓata tsari, ta kwashe su ta kai bayan gida. Wankinta a banɗaki take shanyawa, har ya riƙa warin danshi. Abin da take cewa kawai shi ne, "Chayo, garin nan ko yawu za ka tofar sai ka nemi izini." Sai ta yi dariya ta miƙo mini tortiya, gurasar masara, mai zafi ta kan katanga.

Don Nicanor ya rasu da rana tsaka, a kan kujerarsa, yana sauraron ƙwallo a rediyo. Doña Frosi ta ƙi a kai shi gidan ajiye gawa irin na 'yan birni. A falonta aka shimfiɗe shi. 'Yan ƙauyensu suka cika motar ɗaukar kaya suka zo, aka kafa rumfa a kan titi, aka yi kwana tara ana addu'a ana shan kofi da kirfa. Kwamiti suka haɗiye abin da ƙyar, suna lallashin juna da cewa kwana taran za su wuce. Abin da bai wuce ba shi ne baƙin ƙyallen da ta ƙulla da hannunta, mai kunnuwa biyu da jela biyu, ta kafe shi da ƙusa a saman ƙofa.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a sauke wannan ƙulli. Rana ce ke cinsa, ruwa ya ƙarasa, ranar da ya faɗo da kansa ran nan mutanen gida suka sallami mamacinsu. Doña Frosi kuwa har da ƙari ta yi, ta ce ba za ta cire baƙaƙen kaya ba sai ranar da ya faɗo.

Shugaban kwamitinmu shi ne Injiniya Ovando, wanda ya yi ritaya daga wata masana'antar motoci ya rasa waɗanda zai riƙa ba umarni. Zan faɗi gaskiyarsa: shi ya tsaya aka gyara magudanar da ke cika mana gidaje da ruwa, shi ya sa aka kawo fitilun titi. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ba ya iya barci in ya ga abu ɗaya ya bambanta da saura. Bayan wata guda ya zo gidan Doña Frosi, ina shara a ƙofata, kunnuwana a tsaye.

"Doña Frosi, barka da hantsi. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Injiniya. Shigo ka sha kofi."

"A'a, a tsaye nake. Dama a kan wannan ne." Ya nuna saman ƙofa da haɓa.

"A kan Nicanor?"

"A kan ƙyallen."

"To ai shi ne."

Ya gyara murya. "Kin san doka ta hana rataya komai a fuskar gida. Mun yi kawaici saboda halin da kike ciki."

"Allah ya saka da alheri. Amma tsaya, a rufin wa na ga wani jan tsoho na roba mai farin gemu, da barewarsa mai fitila, tun Disamba har aka kusa shiga azumin coci?"

"Wannan adon biki ne. Taro ya amince da shi."

"Au! Tsohon da ba a taɓa haifa ba yana da izini, nawa da ya rayu ya mutu a gidan nan ba shi da shi?"

Ni dai na shige gida da tsintsiyata, don kada dariya ta tona ni.

Maganar ta kai gaban taron masu gidaje, wata ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a ɗakin taron da ke kusa da ƙofar unguwa. Doña Frosi ta zo da wuri, ta zauna a layin gaba, mayafinta baƙi a kafaɗa. Injiniya ya fara da sanar da ita, cikin ladabi irin nasa mai sanyin ƙarfe, cewa tun da gidan ba da sunanta yake ba, ba ta da ƙuri'a.

"Bakina fa?" in ji ta. "Shi ma da sunan Fidencio yake?"

Aka yi dariya, ya bar ta. Señora Paulina ta layin baya, wadda nake rina wa furfura duk wata, ta miƙe ta ce yaranta suna tsoron wucewa ta nan. Ƙarya take, a gindin ƙofar suke buga ƙwallo kullum. Wani mai sayar da inshora ya ce baƙinsa in sun zo sai su ga kamar ƙauye suka shigo. Wani ya ce in aka bar wannan, gobe wani zai rataya kan saniya. Raina ya ɓaci, na miƙe ba tare da an ba ni dama ba.

"Ku ji min mutane! Waye a ɗakin nan kakarsa ba ta ƙulla irin wannan a ƙofarta ba? Kai mai inshora, daga Paris aka kawo ka? Ba a bayan kasuwar dabbobi aka haife ka ba?"

"Señora Chayo, ki zauna," in ji Injiniya. "In muka fara maganar wanda ke karya doka, ba a ƙofar Doña Frosi za mu tsaya ba."

Na zauna. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Da aka zo ɗaga hannu, Doña Frosi ta juyo da kujerarta ta fuskanci jama'a. "Ku ɗaga sosai in gan ku," ta ce. "Ba don in riƙe ku a zuciya ba. So nake in san gidajen da ba su san yadda ake yi ba, don ranar da ta zo muku in zo da wuri in ɗora kofi."

Hannuwa da yawa suka tsaya a rabin hanya, kamar masu sosa kunne. Duk da haka sun fi mu yawa. Aka yanke cewa ta sauke, in kuma ta ƙi, maigadi ba zai ƙara barin motar gas da mai ruwan sha su je ƙofarta ba. Na ji kunyar unguwarmu a ranar, kunya mai zafi.

Sun zaci da haka za ta saduda. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana ɗauko itace daga kan dutse! Washegari ta tafi bakin ƙofar unguwa, ta sayi babbar gorar ruwa, ta naɗe ta da mayafi ta goya a baya. Akwai gajeriyar hanya zuwa gidanta, amma ta zaɓi wadda ta bi ta gaban gidan Injiniya. Ta tsaya daidai tagarsa.

"Injiniya! An tashi lafiya? Ya madam? A'a, kada ka fito, na gode, ai doka ce!"

Haka ta riƙa yi, duk lokacin da ruwa ya ƙare. Mijina ya ce zai riƙa ɗauko mata a mota, ta ce in ya taɓa gorar za ta fasa masa gilashi. Tukunyar gas kuwa gangaro ta take yi a kan kwalta, ƙararta har ƙarshen unguwa, karnuka suna tayawa. Don Chucho maigadi, dattijo ne shi ma, in ta zo wucewa sai ya cire hula ya kalli ƙasa.

Sai suka bi ta wajen ɗanta. Ina gidanta ina tsefe mata kai Fidencio ya kira, ta buɗe muryar wayar ta sa ta a kan cinya don ba ta iya riƙe ta a kunne.

"Mama, don Allah ki cire abin nan. Kullum sai sun kira ni ina wurin aiki. Baba ya riga ya tafi, ƙyalle ba zai dawo da shi ba."

Ta ɗago wayar kusa da bakinta, ta ce:

"Fidencio, ba ka zo ka zuba wa ubanka ƙasa ba. Ban ce maka komai ba, na san ba ka da takardu, in ka fito ba za su bar ka ka koma ba. Na tsaya a madadinka. Gidan naka ne, in ka ce in fita, gobe zan ɗaure kayana. Amma muddin ina kwana a cikinsa, kada ka ƙara ce mini in cire."

Sai muka ji babban mutum yana shessheƙa a can wata duniya. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Damina ta zo ta wuce, rani ya biyo baya, wata daminar ta sake zuwa ta wuce. Ƙullin ya koɗe, daga baƙi ya koma toka-toka. Jela ɗaya ta tsinke, iska ta tafi da ita. Kunne ɗaya ya lanƙwashe. Mutane suka saba da ganinsa, har masu kawo saƙo suna kwatance da shi. Kowace safiya Doña Frosi takan fito da kofinta ta ɗaga kai ta dube shi, kamar yadda ake duba tukunya a kan wuta. Wata rana ta kira ni ta katanga, murya ƙasa-ƙasa.

"Chayo, zo ki gani. Zare nawa kike gani ya rage?"

"Ba yawa. Ruwan farko zai tafi da shi."

"Haka ni ma na gani." Ta ja numfashi. "Kada ki gaya wa kowa, na gaji da baƙi. Shi ma na san ya gaji da tsayuwa a bakin ƙofa. Mutum ne mai son tafiya, ni ce ban gama ba. Yanzu na kusa."

Na yi murna har cikin raina. Na ce ranar da ya faɗo ni zan yi mata kitso da jan zare.

To, kafin ruwan farkon ya sauka sai lokacin fentin unguwa ya zo, wanda ake yi wa dukkan gidaje a tare. Injiniya ya ga dama ta samu. A tunaninsa masu fenti za su sauke komai su shafe bango, shi ke nan an rabu da Bukar. Abin da ya manta shi ne, masu fenti ba daga ofis ake kawo su ba. 'Yan ƙauyukan gindin dutse ne, irin su Doña Frosi. Da suka iso gidanta, babbansu, wani mai gashin baki da ake kira Maestro Crisóforo, ya ɗaga kai ya ga ƙullin, ya yi alamar gicciye, ya ɗauki ƙaramin burushi. Ya bi gefensa a hankali, ya bar masa tsohon fenti kewaye da shi, faɗin faranti.

Injiniya ya iso yana huci. "Maestro, mene ne wannan? Na ce a sauke komai."

"Ranka ya daɗe, mu fenti muka zo yi. Wannan ba mu muka ɗaura ba."

"Ni na ɗauke ku aiki!"

"Haka ne. Ka ce mu shafe gidan da ja ma, yanzu za mu shafe. Amma hannuna ba zai taɓa na mamacin wani ba. Ina da nawa a gida."

Yaransa suka ajiye burushi suka tsaya. Maƙwabta suka fara fitowa, har da Señora Paulina da abin naɗe gashi a ka. Injiniya ya duba ya ga idanu sun yi masa yawa, ga shi ba mutumin da ya iya ja da baya ba ne. Ya fizgi tsani ya jingina a bangon.

Doña Frosi ta fito tana goge hannu. Na ɗauka za ta tare ƙofa, ko ta ɗauko taɓarya. Sai ta zo ta dafa tsanin da hannu biyu.

"Hau, Injiniya. Ni zan riƙe maka, kada ka faɗo a ce tsohuwa ta kashe shugaba."

"Doña Frosi, ba da son raina ba ne. Taro ne ya yanke."

"Taro ba shi da hannu. Naka nake gani. Hau."

Na so ya ji kunya ya fasa. Na roƙi Allah a zuciyata. Ya hau. Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, amma bai ma buƙace ta ba. Yana taɓa ƙullin ya rabu da ƙusar, ya zube masa a tafin hannu, ƙura tana tashi. Zare biyu ko uku ne dama suka riƙe shi. Na ga fuskarsa ta sauya a can sama. Ya sauko a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta mayar da hannuwanta baya. "A'a. Kai ka sauke, kai za ka san inda za ka kai shi."

Doña Frosi ta zare mayafin da ke kafaɗarta, baƙin ulu mai kauri. Ta sa haƙori a bakinsa, ta ja, ta keta shi gida biyu. Ƙarar ketawar ta shiga mini har ƙashi. A tsaye a wurin ta ƙulla rabin, kunnuwa biyu, jela biyu. Ta kama tsanin.

"Doña Frosi, bari in hau miki," in ji Maestro.

"Mijinka ne?"

Ni da shi muka riƙe tsanin. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya ta hau, takalmin roba a ƙafa, ta ɗaure sabon ƙullin a tsohuwar ƙusar, ta ja shi ta ga ya kama. Baƙi wuluk a kan sabon fenti, ana hango shi tun daga bakin layi. Ta sauko ta tsaya gaban Injiniya, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Wancan ruwan farko yake jira, da kun bar shi da kun huta, ni ma na huta. Wannan kuwa saƙar ƙauyenmu ce, uwata ta yafa shi kafin ni, bai san tsufa ba. Ka je ka gaya wa taronku, ku ne kuka mayar mini da makoki farko. In kun sauke shi, ga rabin nan. In kun sauke rabin, ina da siket."

Ta shige gida. Na bi ta.

Na same ta zaune a kan kujerar Don Nicanor, guntun mayafin a cinya. Ko a ranar jana'iza ban ga hawayenta ba, sai a ranar. Kuka take yi ba sauti, kafaɗunta suna girgiza.

"Saura kaɗan fa, Chayo," ta ce. "Saura kaɗan in sake shi ya tafi."

Na durƙusa na riƙe mata gwiwa, ina jin kamar in fita in cinna wa unguwar wuta. Can ta share fuska da guntun ulun, ta ja hanci, ta gyara zama.

"Leƙa mini. Ya zauna daidai, ko ya karkace?"

Na fita na duba. Jama'a sun watse, masu fenti sun matsa gida na gaba. Injiniya kaɗai ya rage a tsakiyar titi, tsumman a tafin hannuwansa biyu. Ya je gaban kwandon shara ya tsaya, ya kasa jefawa, ya juya ya nufi gidansa da shi.

Na koma ciki na ce mata, "Ya zauna daidai."